Zauren Ungozoma: Yaushe Zan Sauka?

Assalamu alaikum. Saƙonnin da suka taru a wannan karon kusan duk maganar lissafi ce. Wata na so ta san ko kafin Sallah za ta sauka ko bayan Sallah, wata takardun hoto sun rikita ta, wani kuma takarda ɗaya tak ke neman shiga tsakaninsa da amaryarsa. Kamar yadda muka saba, na cire sunaye, na bar gari ko unguwa.

Tambaya: Hajiya, barka da ƙoƙari. Cikin fari ne da ni. Ban riƙe kwanan watan Bature ba, amma na tabbata al'adata ta ƙarshe ta zo ranar 12 ga watan Mauludi, gidanmu cike da baƙin Sallar Gani. Inna na so ta san lokacin da za a zo ɗaukata goyon ciki. Ita ta ce ciki wata tara ne da kwana tara, malamar awo kuma ta ce sati arba'in. Maganar wa zan kama? Daga Daura.

Amsa: 'Yata, Allah ya raba lafiya. Kama duka biyun, don Inna da malamar awo gida ɗaya suka nufa, wurin tashi ne ya bambanta.

Mu a asibiti daga ranar farko da kika ga jini muke fara ƙirga, ba ranar da ya ɗauke ba. Daga nan kwana 280, wato sati 40. Watan sama kwana 29 ne ko 30, saboda haka wata tara kwana 266 ke nan. Ɗora kwana taran Inna, ya zama 275. Idan daga ranar da kika yi wankan tsarki ta fara ƙirgawa, sai ki haɗa da kwana biyar ɗin da kika yi kina fashin salla. Kin ga an dawo 280 cif.

Ga naki lissafin. Daga 12 ga Rabi'ul Awwal, wata tara ya kai ki 12 ga Zulhajji. Ƙara sati biyu, ya zama wajen 26 ga Zulhajji, wato sati biyu da ɗan wani abu bayan Babbar Sallah. Duk mai lissafi da watan sama haka za ta yi: wata tara da rabi daga ranar farkon jini.

Mai riƙe da kwanan watan Bature kuma, ta ƙara kwana bakwai a kan ranar, sannan ta ƙirga wata tara gaba. Wadda jininta ya zo 10 ga Maris, ƙarin bakwai ya ba ta 17 ga Maris, wata tara ya kai ta 17 ga Disamba. Wadda nata ya zo 28 ga Yuni, bakwai ɗin ya tsallakar da ita zuwa 5 ga Yuli, sai ta tsaya a 5 ga Afrilu. Wannan ƙa'ida da sunan wani likitan Jamus ake kiranta, Naegele, wanda ya rasu a 1851, kuma har gobe da ita muke cika gurbin nan na katin awo da aka rubuta EDD, wato ranar da ake sa ran haihuwa. Idan wayarki ta ba ki ranar da ta saɓa da ta kati da kwana biyu ko uku, kada ki damu. Waya kwana 280 take ƙirgawa ɗaya bayan ɗaya, mu kuma watanni muke tsallakawa, watannin Bature kuwa ba tsawonsu ɗaya ba.

Sai dai ƙa'idar ta ɗauka cewa duk kwana 28 kike ganin al'ada. Idan taki sai ta yi kwana 35 take dawowa, ki ƙara sati guda a kan ranar da kika samu. Idan kuwa taki ba ta da tsayayyen lokaci, ko kin yi allurar tazara kafin cikin, lissafin yatsa ba zai fisshe ki ba, sai hoto.

Abin da nake so ki faɗa wa Inna da kyau shi ne, wannan rana kintace ce. Cikin mata ɗari, huɗu ko biyar ne kawai ke haihuwa a ainihin ranar da aka rubuta musu. Manomin da ya yi shuka a ruwan farko ya san watan da zai yanke geronsa, amma bai isa ya nuna miki ranar da zangarniya za ta nuna ba. Daga cikar sati 37 zuwa 42 duk lokacin haihuwa ne. A wurinki, daga wajen 5 ga Zulhajji har zuwa Cika-ciki ke nan. Kina iya sauka ana tsakiyar suyar naman layya. Don haka a zo a ɗauke ki kafin watan Zulƙida ya ƙare, ki tafi da katinki, kuma satin da kika isa ki nuna kanki a asibitin da ya fi kusa da gidan Inna. Kada ranar naƙuda ta zama ranar da za su fara ganin fuskarki.

Tambaya: Hajiya, shawara nake nema cikin sirri. Sati takwas ke nan da tarewar amaryata. Ta fara laulayi, na kai ta hoto, takarda ta nuna cikin sati goma ne da kwana biyu. Tun ranar barci ya ƙaurace mini. Ban gaya wa kowa ba, ita ma ban yi mata maganar ba, amma ta ga canji a fuskata. Daga Ƙofar Ƙaura, Katsina.

Amsa: Ɗana, ka yi hankali da ka kama bakinka. Da ka furta, da yanzu gida biyu na cikin tashin hankali a kan abin da bai faru ba. Takardar da ke hannunka ta yi daidai da cikin da aka samu a kwanakin farko na tarewa. Bari in warware maka.

Mace ba ta ɗaukar ciki ranar da jininta ya zo. Ƙwan haihuwarta yana fitowa ne wajen sati biyu bayan haka, kuma kwana ɗaya kacal yake yi yana jira. Maniyyi shi ne mai juriya, yana iya kai kwana biyar a jikinta da ransa. Tun da ba wanda ke ganin ranar da suka haɗu, likitoci suka zaɓi ranar da kowace mace ke iya gani da idonta, wato ranar farkon al'ada, suka mai da ita mafarin lissafi. Na'urar hoton ma a kan wannan lissafin aka saita ta. Tana auna tsawon ɗan tayi, sannan ta faɗi satuttukansa haɗe da waɗancan biyun da babu komai a mahaifa. A lissafinmu, ranar da ciki ya shiga ya riga ya cika sati biyu.

To cire biyu daga goma. Saura takwas, daidai da tarewarku. Kwana biyun da suka yi saura kuma, na'urar da kanta tana iya kuskuren kwana biyar zuwa bakwai, gaba ko baya, ko da a hannun gwani take.

Akwai kuma abin da ku maza ba ku sani ba. Iyaye mata ba sa tsayar da ranar kai amarya da ka. Sai sun tambayi yarinya lokacin al'adarta, su kauce masa. Amarya takan tare ne kwanaki kaɗan bayan ta yi wanka, wato daidai lokacin da ƙwan ke shirin fitowa. Shi ya sa cikin satin farko ya zama ruwan dare, shi ya sa kuma irin takardar taka ke yawan zuwa hannuna. Na taɓa zama da wani ango a barandar asibiti, ya naɗe takardar ya cusa a aljihu har ta jiƙe da gumi, ƙanwar babansa na tsaye a bakin ƙofa tana jiran ya ba ta umarnin kwashe kayan ɗaki. Bayan katin awo na juya, na zana masa layi, na sa ɗigo uku: ga ranar jini, ga ranar tarewa, ga yau. Ya ƙirga da bakin biro da kansa, ya sake ƙirgawa, sannan ya ce wa gwaggon tasa ta hau Keke Napep ta koma gida.

Ka kuma shirya wa masu ƙirga da yatsa. Idan ta sauka a sati na 37, wanda cikakken ciki ne, zai kama wata takwas da 'yan kwanaki bayan biki. Za a samu mai cewa "kai, da wuri haka?" Ka san amsarka tun yanzu. Ta fuskar shari'a kuwa, malaman mazhabobin nan huɗu sun haɗu a kan cewa mafi ƙarancin ciki wata shida ne, suna kafa hujja da ayar Suratul Ahƙaf mai cewa ɗaukar ciki da yaye wata talatin ne, da ta Baƙara mai cewa shayarwa shekara biyu ce. Wannan fagen malamai ne, ka tambaye su su ƙara maka bayani.

'Yan'uwana masu ɗaukar hoto, ku ma ga naku. Idan kuka ga lalle bai gama fita a hannun mace ba, kada ku miƙa takarda ku yi shiru. Ku ce wa mijin, "Malam, akwai sati biyu na ƙari a lissafin nan." Numfashi ɗaya ne.

Kai kuma ka saki fuska, ka tambaye ta abin da take kwaɗayi, ko tsire ne ko ɗanyen mangwaro da gishiri, ka sayo. Ranar awon farko ka raka ta.

Tambaya: Anti, hoto uku na yi, kowanne da ranarsa. Na wata uku ya ce 4 ga Fabrairu, na wata shida ya ce 11, wanda na yi shekaranjiya kuma ya ce 25. Wanne ne gaskiya? Daga Rafindadi, Katsina.

Amsa: Ƙanwata, na farko. Ki ajiye shi a inda ruwa ba zai taɓa shi ba.

A watanni ukun farko 'yan tayi kusan tafiya ɗaya suke yi wajen girma, ko uwar doguwa ce ko gajeruwa, ko tana cin kaza ko tuwo da miyar kuka. Shi ya sa awon tsawonsa daga kai zuwa mazaunai ke faɗin kwanakinsa da kuskuren da bai wuce sati guda ba. Daga nan kowa ya kama hanyar gidansu. A tsakiyar ciki kuskuren na iya kai kwana goma zuwa sati biyu, a watannin ƙarshe har sati uku. Hoton ƙarshen ciki girman yaro yake aunawa, da kwanciyarsa, da yawan ruwa, da inda mabiyiya take. Ba a canza ranar haihuwa da shi. Ko da lissafin al'ada ne ya saɓa da hoton farko, in saɓanin ya wuce sati guda, hoton ake bi.

Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Ranakun naki kullum gaba suke matsawa, daga 4 zuwa 11 zuwa 25. Ma'anarsa, duk lokacin da aka auna sai a tarar da yaron bai kai girman da ake zato ba. Yana iya zama ƙaramin jiki ne kawai irin na danginku, yana iya zama kuskuren mai awo, amma yana iya zama abinci ne ba ya isa gare shi sosai, saboda hawan jini, ko zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa mabiyiya, ko ƙarancin jini. Wadda ta ɗauki sabuwar ranar ta yi murnar an ƙara mata lokaci, ta rufe ido ke nan a kan abin da ya kamata a bincika. Ki haɗa takardun uku ki kai wa likitan mata a satin nan, ba mai hoto ba. A Katsina kina da asibitin mata da yara na Turai 'Yar'aduwa, ga babban asibiti, ga asibitin koyarwa na tarayya. Ki ce a gwada jininki, a duba fitsari, a dubi girman yaron a kan ranar 4 ga Fabrairu.

Tambaya: Mama, ɓatan wata biyu na yi. Uwar mijina ta ce ba a zuwa awo sai ciki ya fito, wai yanzu gudan jini ne kawai, kuma abin kunya ne mai cikin fari ta fara yawon asibiti. Ni kuma ina so in san me ke faruwa a cikina. Daga Batagarawa.

Amsa: 'Yata, kunyar cikin fari ɗabi'armu ce, ban raina ta ba. Sai dai babban aikin halitta a waɗannan watannin da ba wanda ya san kina da ciki ake yin sa. Nemo tef ɗin tela ki riƙe, ki bi ni da shi.

A sati na shida, lissafin asibiti, wato sati biyu kacal da ɓatan watanki, ɗan tayin bai kai rabin santimita ɗaya ba, amma zuciyarsa ta fara bugawa, ana iya ganinta tana ƙyaftawa a na'ura. A daidai wannan lokacin ne bututun da zai zama ƙwaƙwalwa da laka ke rufewa. In bai rufe daidai ba, shi ne ake haifar yaro da ƙullutu ko rami a gadon baya. Ƙananan ƙwayoyin nan masu ruwan ɗorawa da muke bayarwa, folik asid, wannan matsalar suke ragewa, kuma amfaninsu ya fi yawa in an fara sha tun kafin ciki ya shiga ko da zarar an yi ɓatan wata. Wadda ta zo awo a wata na shida, wannan damar ta wuce ta.

A sati na takwas, inda kike yanzu ko kusa, ya kai santimita ɗaya da rabi. Hannuwa da ƙafafu sun tsiro, yatsu sun fara rabuwa. A sati na 12 ya kai santimita biyar zuwa shida, duk manyan gaɓoɓi sun samu, ƙoda ta fara aiki, yana motsi amma ke ba ki ji. Shi ya sa nake hana shan magani barkatai a wannan tsakanin, na kemis ne ko na jiƙo. Abin da ake ginawa shi ya fi saurin lalacewa.

Na san abin da ke sa tsofaffi cewa gudan jini ne. Sun ji a karatu cewa sai bayan kwana 120 ake busa rai, kuma haka malamai suka karantar da mu. Amma ba malamin da ya ce kafin nan a bar uwa da zazzaɓi ko rashin jini.

Motsi kuma, mai cikin fari takan fara jin sa tsakanin sati 18 da 20, wadda ta saba haihuwa tun daga 16. Da farko ba za ki tantance shi da motsin hanji ba. A sati na 20 nauyinsa wajen giram 300 ne, kan mahaifa ya iso cibiya. Daga sati na 24 za ki ga malamar awo ta kwantar da ke, ta lalubo ƙashin mara da yatsa, ta kafa bakin tef a nan, ta ja shi bisa ciki har inda mahaifa ta tsaya. Santimitan da ta samu kusan daidai yake da satuttukan cikin: sati 30, santimita 28 zuwa 32. In ya zarce sosai mu yi tunanin tagwaye ko yawan ruwa ko kuskuren lissafi, in ya gaza mu yi tunanin yaro ba ya girma. Sannan ta kafa ƙahon sauraro ta ƙirga bugun zuciyarsa, wanda ke tsakanin 110 da 160 a minti ɗaya, kusan ninkin naki.

A sati na 28 ya kai kilo ɗaya, yana buɗe ido, yana jin sauti, har ki ji ya zabura in an buga ƙofa. Daga nan sai tara tsoka da kitse, wajen giram 200 kowane sati a watannin ƙarshe, har ya kai kilo uku ko sama da haka. Huhu na cikin abubuwan da ke nuna a ƙarshe, shi ya sa numfashi ne babbar wahalar bakwaini. Maganar da ake yi wai ɗan wata bakwai ya fi ɗan wata takwas rayuwa ba ta da tushe. Duk satin da yaro ya ƙara a ciki riba ce. Zuwa sati na 36 yawancinsu sun juya kai ƙasa.

Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ce mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya sau takwas, na farko kafin sati 12 ya wuce, kuma a yi hoto ko sau ɗaya ne kafin sati 24. A nan za a san rukunin jininki, a ba ki maganin ƙarin jini, a yi miki allurar rigakafin sarƙewar haƙora, a ba ki gidan sauro in akwai. Daga sati na 13 a fara ba ki ƙwayoyin nan uku na rigakafin zazzaɓi da ake haɗiyewa a gaban malama, wata-wata, aƙalla sau uku kafin haihuwa. Mai cikin da zai ratsa damina kada ta yi wasa da su.

Kada ki yi jayayya da uwar mijinki. Ki sa mijinki ya yi mata magana, ko ki roƙe ta ita ta raka ki. Zumbula hijabi, ba mai sanin inda kuka nufa. Na ga surukai da yawa da suka zo suna ɗaure fuska, da aka kunna musu bugun zuciyar jika a na'ura suka koma su ne masu tuna ranar awo.

Tambaya: Wai gaskiya ne in ciki ya yi tsini namiji ne, in ya baje mace? Daga Mashi.

Amsa: A'a. Siffar ciki ta danganta da ƙirar uwa, da ƙarfin naman cikinta, da kwanciyar yaro. Hoto daga sati 18 zuwa 20 yakan nuna, in yaron bai haɗe ƙafa ba, shi ma yana kuskure. Ki sayi farare.

Tambaya: Hajiya, goyo nake, yarinyar wata goma sha huɗu. Tun da na haihu ban ga jini ba. Kwanan nan sai nake jin motsi. Yaya zan san watannin cikin? Kuma an ce in cire ta a nono yau-yau kada ta sha ciki. Daga Sandamu.

Amsa: Ƙanwata, wannan shi ne kwanika, kuma ba ke kika fara ba. Ƙwai yana fitowa kafin jini ya dawo, don haka mai shayarwa na iya ɗaukar ciki ba tare da ta ga al'ada ko sau ɗaya ba. Tun da ba ki da ranar da za a kama, abu uku za a haɗa. Motsin da kika ji, in na ciki ne, ya nuna kin kai wata huɗu ko kin wuce. Ki kwanta rigingine ki taɓa: in taurin mahaifa ya iso cibiya, kina wajen sati 20. Na uku kuma mafi inganci, hoto, kuma a satin nan, don kullum aka ƙara kwana ƙarfin lissafinsa raguwa yake. Ki rubuta ranar da kika fara jin motsin ki kai musu.

Nonon mai ciki ba guba ba ne. Yakan ragu, ɗanɗanonsa ya canza, shi ke nan. Abin da ke kayar da yaran nan shi ne yayen dare ɗaya: a raba yarinya da nono, a kai ta gidan kaka, ta ƙi cin abinci, gudawa ta biyo baya, sai a ce ta sha ciki. In cikinki lafiya yake, ba zubar jini, ba tarihin haihuwar bakwaini, ki janye ta a hankali kina ƙara mata kunun gyaɗa, wake, ƙwai da alayyafo. Ke ma ki ƙara ci, mutum uku kike ciyarwa. Bayan kin sauka, ki tambayi malaman asibiti maganar tazara kafin ki gama wankan jego.

Tambaya: Hajiya, 'yata ce cikinta ya shiga wata na goma sha ɗaya. A wata na uku ta ga jini, aka ce ciki ya kwanta, daga baya ya tashi. Yanzu ya tsufa, haihuwa shiru. Muna ba ta jiƙo na zaƙi, wani kuma ya ce a kai ta kemis a yi mata allurar naƙuda. Daga Mai'aduwa.

Amsa: Yaya, allurar nan kada a yi ta. Ko kyauta ce kada a yi. Ruwan naƙuda magani ne mai ƙarfi, a asibiti da ɗigo-ɗigo muke sa shi, muna ƙirga ciwon, muna sauraron zuciyar yaro, ga ɗakin tiyata a kusa. In aka danna shi lokaci ɗaya, bakin mahaifa bai buɗe ba ko yaro na kwance a gicciye, mahaifa na iya fashewa, kuma daga Mai'aduwa zuwa inda za a yi mata aiki a ƙara mata jini, tafiyar ta yi wa mai zubar jini nisa. Jiƙon ma a dakata da shi, tun da ba wanda ya san ƙarfin abin da ke ciki.

Maganar kwanciyar ciki kuwa, abin da malaman fiƙihu suka faɗa a kan mafi tsawon ciki hukunci ne na nasaba, ba zan sa baki a ciki ba. Ni abin da hannuna ya taɓa zan faɗa. Ɗan tayi mai rai ba ya tsayawa da girma ya yi barci ya farka. Idan aka bi diddigin cikin da aka ce ya kwanta, ɗayan waɗannan ake tararwa. Ko dai al'ada ce ta yi wa mace wasa wata biyu ko uku kafin cikin ya shiga, aka fara ƙirga da wuri. Ko cikin farko ya lalace ya fita da jinin da aka gani, wani sabo ya shiga bayansa, aka ci gaba da lissafin tsohon. Ko ɗan tayin ya rasu ya zauna a mahaifa bai fito ba. Wani lokacin ma babu ciki sam, ƙari ne a mahaifa, ko jini ne ke shirin ɗaukewa ga mai manyan shekaru. Na 'yarki ya fi kama da na biyu. In jinin wata na uku ɓari ne, ta sake ɗauka bayan wata ɗaya ko biyu, to cikin yanzu wata bakwai ne ko ƙasa da haka. Kin ga allurar kemis bakwaini za ta fito da shi.

In kuma an duba aka ga da gaske lokaci ya wuce, shi ma ba abin zama ba ne. Bayan sati 41 mabiyiya takan fara gajiya, ruwa ya ragu, yaro na iya yin kashi a ciki ya shaƙa. Shi ya sa likitoci ke tayar da naƙuda in an kai nan, ba sa bari a haura 42.

Gobe da safe ki kai ta babban asibitin Daura, da duk wata takarda ko kati da ta taɓa karɓa, ko na kemis ne. Ki tuna musu watan da ta ga jinin, da yawansa, da ko gudaji sun fita, da watan da ta fara jin motsi. A daren yau kuma ta ci abinci, ta kwanta ta gefen hagu, ta saurari yaron. Ba gaskiya ba ne cewa yaro na daina motsi in haihuwa ta matso. In motsin ya ragu da yadda ta saba, ko ta ga jini, ko faya ta fashe, ko ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi da kumburin fuska, kada a jira gari ya waye, a nemi mota.